Kamfanin da ya yi mana wurin tsallaka titi zuwa lambun yara, ga abin da na gani bayan damina ɗaya

Na daɗe ina son rubuta wannan amma nace bari in jira damina ta wuce tukun, don aikin titi ba ranar da aka gama shi ake yabonsa ba, sai ruwa ya dake shi rana ta gasa shi tifa ta bi ta kai sannan ake sanin ko aiki akayi. To yanzu damina ta wuce har hunturu ya shigo da ƙurarsa, don haka zan faɗi abin da idona ya gani tsakani da Allah. Bazan kama sunan kamfanin ba saboda akwai inda zan yaba musu sosai akwai kuma inda raina ya ɓaci da su, kuma har yanzu bamu gama da su ba.

Unguwarmu a Kano take, titi mai hannu biyu ne ya raba mu da wani ɗan lambu da yara ke zuwa wasa, ba wani babban wuri bane, shillo ne guda nawa da ɗan filin ƙwallo da bishiyoyin darbejiya da bencina inda dattawa ke zama shan iska. Amma duk yaran layukanmu can suke tafiya, musamman yammacin Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, zakaga yara kamar an buɗe musu ƙofa, babba riƙe da hannun ƙarami, wata da goyon ƙaninta, kowa na leƙen titi yana jiran ya samu sarari ya sheƙa. Kuma titin nan miƙaƙƙe ne, direba in ya shigo shi sai ya saki mota, ga 'yan adaidaita suna rige-rigen fasinja, ga tifofin yashi. Haka muke zaune muna cewa Allah ya kiyaye har ranar da wani ɗan sahu ya ɗebi yarinyar maƙwabcina, bata wuce shekara bakwai ba, ta karye a cinya. Ni na ɗauke ta zuwa asibiti a motata, takalminta ɗaya na roba yana nan tsakiyar kwalta har muka dawo da daddare babu wanda ya iya ɗauka. Allah ya yi da sauran kwana a gaba, ta warke, amma tun daga ranar matan unguwa suka hana yara zuwa lambun gaba ɗaya, yara suka dawo buga ƙwallo a bakin kwata.

Bayan sallar isha'i aka zauna a ƙofar masallaci aka kafa kwamiti aka ce ayi karo-karo, ni aka ba ajiyar kuɗi, shi yasa duk abin da zan faɗa da hannuna a ciki. Mu abin da muka ƙudura da farko mai sauƙi ne, a sayo fenti a zana zebra, wato fararen layukan nan na tsallaka titi, daidai get ɗin lambun, samari su kwaɓa siminti su yi mana irin tudun nan mai tsini da ake yi a cikin layi, shikenan. Wani ƙanin matata ne da yake aikin gine-gine yace kar mu yi gaggawa, ya haɗa mu da wannan kamfani.

Abu na farko da ya burge ni da su, basu zo da farashi ba, da kujera suka zo. Injiniyan nasu, matashi ne ba wani babba ba, ya zo da yaro ɗaya suka zauna gefen mai shayi yamma uku a jere har da Juma'a, daga la'asar zuwa bayan magariba, yana riƙe da littafi yana ƙirga mutum nawa suka tsallaka, ta ina suka tsallaka, yara nawa tsofaffi nawa, har mutane suka fara tambaya ko ma'aikacin haraji ne. Rana ta huɗu ya kira mu da mai unguwa yace mu biyo shi. Ya kai mu bakin babban layinmu, da ɗan nisa daga get ɗin lambun, ya nuna mana dandamalin tsakiyar titi inda simintin ya gutsure ƙasar wurin ta daddale tayi sumul saboda sawun ƙafa. Yace kun ga nan, nan ne hanyar mutanenku, kusan kowa ta nan yake bi, babu yaron da zai fito daga layi yana hango shillo sannan ya yi tafiya gefen titi ya je neman zane. Mai unguwa yace, Injiniya mu dai zane muke so a ƙofar lambun kowa ya gani. Shi kuma ya ɗan rusuna yace, ranka ya daɗe in muka zana a can kuɗin jama'a ne zai tafi a banza, kuma fenti baya taka wa mota birki. Wallahi wannan maganar ta zauna min. A ƙarshe shi ya je da kansa ya roƙi masu kula da lambun suka yarda aka fasa ƙaramar ƙofa daidai inda mutane ke ɓullowa.

Sannan ya yi mana wani lissafi a bayan takardar siminti wanda har yau ina maimaita wa mutane. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a sakan ɗaya, wato kafin direba ya ga yaro ƙwaƙwalwarsa ta ce masa taka birki ya ɗaga ƙafa, motar ta riga ta ci wannan nisan ba tare da gudun ya ragu ko kaɗan ba. In kilomita 30 take, mita 8 da ɗan wani abu ne. Kuma birkin kansa in gudu ya ninka biyu nisan da mota zata ja kafin ta tsaya ninki huɗu yake yi. Ya auna hannu ɗaya na titinmu da tef, wajen mita 7, yace masu tsara titi suna ɗaukar mutum lafiyayye yana tafiyar mita 1.2 a sakan, kenan sakan shida yake buƙata ya ƙetare hannu ɗaya, to a sakan shidan nan motar da ke kilomita 60 ta taho daga mita 100. Yanzu ku ɗauki tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko yaro ɗan shekara biyar da bai iya kintatar gudun mota ba. Dokar titi ta ƙasar nan ma kilomita 50 ta ƙayyade wa ƙananan motoci a cikin gari, amma duk mun san abin da ake yi in titi ya miƙe.

Daga baya na je na duba da kaina don bana son in kashe kuɗin jama'a kan maganar mutum ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 tace mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin titi, sama da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma haɗarin titi shine kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, ba zazzaɓi ba, ba yaƙi ba. Afirka ce kuma tafi kowa yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Sun ce in mota ta buge mutum, daga gudun 50 zuwa 65 kawai haɗarin ya mutu yana ninkawa sau huɗu da rabi. Shi yasa a taron duniya kan kiyaye haɗarin titi da akayi a Stockholm ta ƙasar Sweden a 2020 aka yi kira da a mayar da gudu kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Da na karanta wannan sai na daina yi wa injiniyan gardama kan tsadar abin da yake so a gina.

Akwai wani Alhaji cikinmu da ya dage shi gadar sama yake so, yace zai nemo mana wanda zai kai maganar sama. Injiniyan bai raina shi ba, yace Alhaji ka tsaya ƙarƙashin kowace gadar ƙafa a garin nan minti goma ka ƙirga masu hawa da masu bi ta ƙasa, sannan ka tuna da mai keken guragu da mace mai ciki da tsoho mai sanda, su wa zai hau da su. Gada tana da wurinta a babbar hanya inda ba yadda za'ayi a rage gudu, amma tsakanin gidaje da wurin wasan yara motar ce ya kamata ta sassauta. Alhajin bai gamsu ba a ranar amma ya bada kuɗinsa, Allah ya saka masa.

To ga abin da suka gina. Wurin tsallakawar kansa tudu ne mai faɗi, an ɗaga shi daidai da tsayin gefen titi, saman a shimfiɗe, hawansa da gangarensa a hankali, ba irin bamp ɗin nan mai fasa ƙasan mota ba, in ka zo da gudu kaɗan lafiya lau zaka haye in ka zo a guje kai da kanka zaka ji a jikinka. A kansa aka zana zebra. Tsakiyar titin suka buɗe dandamalin suka faɗaɗa shi yadda uwa da yara uku zasu tsaya ba tare da rigar kowa ta taɓa mota ba, kuma wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai a nan, basu yi hanyar a miƙe ba, in ka ƙetare hannun farko sai ka ɗan karkata ka yi taku biyu uku kana fuskantar motocin da ke tahowa kafin ka shiga hannu na biyu. Yaro bazai iya shararawa da gudu daga wannan bakin zuwa wancan ba, dole ya tsaya, dole idonsa ya faɗa kan mota. Wannan dabarar ita nafi so a duk aikin. Sannan suka kafa turakun ƙarfe a gefen titi kafin wurin don kar a yi fakin dab da shi, saboda motar da aka ajiye tana ɓoye yaro gaba ɗaya, direba bazai gan shi ba sai ya fito. Injiniyan yace akwai wani ƙaramin gari a Amurka, Hoboken, da suka riƙe wannan abu na hana fakin a bakin mahaɗa da gaske tare da rage gudu, suka yi shekaru a jere tun daga 2017 babu wanda mota ta kashe. Na ji abin kamar almara amma na duba haka ne.

Takardun izini ma su suka bi mana, wannan kam sai godiya. Mu bamu ma san sai an nemi izinin hukumar da titin ke hannunta ba, da mun kwaɓa simintinmu wata rana a wayi gari an zo an fasa. Sun zana taswira sun kai, an ɗan ja lokaci amma ta fito, kwafinta na wurina. Kuɗi kuwa gaskiya da tsada, ya ninka abin da muka yi zato nesa ba kusa ba, sai da aka koma karo-karo zagaye na biyu, matan unguwa har da kuɗin adashi. Amma sun rubuto komai dalla-dalla, siminti kaza rodi kaza turaku kaza, sun yarda a biya kashi uku, kuma duk biya da rasit.

Yanzu bari in zo inda suka ɓata min rai, don in ban faɗa ba na ci amanar wanda zai karanta.

Na farko ruwa. Tudun da suka yi ya tare hanyar da ruwa ke bi ta gefen titi ya gangara kwalbati, basu bar masa mafita ba. Ruwan farko mai ƙarfi da akayi sai ga tafki daidai inda mutum zai sa ƙafa, ruwa har idon sawu da leda da duk dattin titi, kwana biyu bai janye ba, kuma me zai faru, mutane suka koma zagayawa suna tsallakawa ta gefe cikin motoci, wato daidai abin da muka kashe kuɗi don mu hana. Mutumin da ya zauna yamma uku yana ƙirga sawun mutane ace bai tambayi ina ruwa ke bi ba, wannan abin ya bani mamaki ƙwarai, da ya tambayi mai shayin nan ma da ya faɗa masa. Na kira na kira, yau ace gobe, gobe ace injiniya ya tafi wani aiki, sai da muka yi kusan sati uku a tsakiyar damina kafin suka zo suka yanka gefen suka sa bututu da murfin ƙarfe. Sun gyara kuma basu karɓi ko sisi ba, amma sati ukun nan kullum gabana faɗuwa yake in hadari ya haɗu.

Na biyu fitila. Sun sa mana fitilun sola guda biyu, satin farko tar kamar rana, yanzu kuwa kafin dare ya raba sun mutu, masu fita sallar asuba da masu sammakon kasuwa a duhu suke tsallakawa. Batirin ƙarami ne, kuma da hunturun nan ƙura ta rufe farantin sai abin ya ƙara lalacewa, babu wanda ya gaya mana ana buƙatar gogewa kuma sun kafa shi inda sai da tsani. Wani abin kuma, ɗaya fitilar an kafa ta ne bayan wurin tsallakawar in ka taho daga gabas, to hasken yana bayan mutum, direba inuwa kawai yake gani. Na gwada da kaina, na sa ɗana babba ya tsaya da jallabiya mai duhu na taho da mota a hankali, wallahi sai da na matso sosai na gane mutum ne. Kamata yayi fitila ta kasance kafin wurin ta ɓangaren da mota ke tahowa don ta haske gaban mutum. Na faɗa musu sun amsa kuskure ne.

Na uku fenti. Layukan zebra ɗin da fentin nan mai kauri suka yi, wanda ake dafawa a tukunya har ya kai zafin wajen digiri 200 a shimfiɗa a watsa masa ƙananan ƙwayoyin gilashi don ya riƙa ƙyalli in fitilar mota ta haska, na tsaya na ga ana yi, kuma har yau yana nan fes. Amma rubutun gargaɗi da kibiyoyin da ke gaba, waɗanda ya kamata direba ya fara gani, da fenti na gama-gari suka shafa, kafin ƙarshen damina ya goge kamar ba'a taɓa yi ba, alhali a takardar yarjejeniya iri ɗaya aka rubuta. Wannan bazan kira shi kuskure ba, rage kaya ne. Haka bamp na roba da suka ɗaura a bakin layinmu, kusoshin suka saki, gutsure ɗaya ya fita ya bar ƙarfe a tsaye har ya fasa wa wani mai kurkura taya, mu muka biya shi faci muka bashi haƙuri. In zaku yi irin wannan aikin ku bar na roba, inda tifa ke bi baya kwana.

Akwai kuma abin da ba laifinsu bane, halinmu ne. Sati bai cika ba masu babur suka gano buɗaɗɗen tsakiyar nan suka mayar da shi wurin juyawa, sai da aka ƙara turke ɗaya a tsakiya aka bar faɗin da keken guragu zai wuce. 'Yan sahu kuma sun ga wuri mai kyau sai su tsaya a kan zebra ɗin su sauke fasinja. Mai rake ya turo baronsa daidai inda aka hana fakin, shi kam da lalama muka bi shi, na ce masa Malam yaran nan da kake sayar wa rake su kake karewa direba baya ganinsu, ya ce wallahi bai sani ba ya matsa gaba, yanzu ma shi ke tsawata wa masu tsayawa. Mafi haɗari su ne masu bin wan-we, don yaro ya koyi kallon ɓangare ɗaya sai ga babur ta bayansa. Zebra tun 1951 aka fara ta a garin Slough na Ingila amma har yau direbobinmu da yawa basu ɗauka cewa mai tafiya a ƙasa ne ke da hanya a kanta ba, shi yasa nake ƙara yarda tudun ne ke aikin. Ranakun Sallah da lambun ya cika maƙil mun sa samari huɗu da rigunan nan masu ƙyalli suna tsallakar da yara, kuma duk shekara haka zamu yi in sha Allah.

Amma fa an samu canji, wannan ko maƙiyi ya shaida. Juma'ar da ta wuce ina zaune wurin mai shayi sai ga wata tsohuwa ta layin bayanmu, Iya muke ce mata, da jikokinta biyu. Da can sai ta nemi saurayi ya tare mata titi. Ta zo bakin tudun ta tsaya, wata tifa ta taho na ji ƙarar birkinta tun daga nesa saboda direban ya san wurin, ya sassauta har ya tsaya ya ɗago mata hannu. Ta taka a hankali da sandarta, ta tsaya a tsakiya ta huta ta gyara mayafi, ƙaramin jikan yana jan hannunta tana cewa tsaya mana ɗan nan ka duba tukun, sannan suka ƙarasa. Yarinyar maƙwabcina ma ta koma shillo, duk da har yanzu sai ta riƙe hannun yayarta ƙam kafin ta sauka titi. Tun da aka gama aikin ba'a buge kowa a wurin ba, Alhamdulillah.

In wata unguwar ta tambaye ni ko su ɗauke su, zan ce eh ku ɗauke su, wajen tsara wuri ban ga kamarsu ba, in maki ne zan basu uku da rabi cikin biyar. Amma ku sa a rubuce ina ruwa zai bi, ku sa girman batiri da awa nawa fitila zata yi, ku sa irin fentin kowane layi, ku wakilta mutum ya tsaya a kansu ranar shafawa, kuma kar ku biya kason ƙarshe sai an yi ruwa mai ƙarfi kun gani. Mu namu kason ƙarshen yana hannuna har yanzu, na gaya wa injiniyan baki da baki ranar da suka canja batir suka matsar da fitilar gabas suka sake rubutun gargaɗin a ranar zan tura musu, ya ce sati mai zuwa zasu shigo da kayan aiki.